Numfashin da Inji Ya Bar wa Yaya Iro

Bana shekara talatin da shida ke nan da muka binne yayana Malam Iro, ladanin ƙauyenmu da ke bayan Dayi. Ban yi kuka ranar ba, har yau kuma kukan bai zo ba.

A zamanin da babu lasifika a ƙauyenmu, in ya kira sallar la'asar, masu noma a ƙarshen fadama sai su ajiye fartanya. Wata damina yana feshin auduga, maganin ya shiga jikinsa. Daga asibitin Malumfashi aka tura mu na Zariya, aka zura masa roba a maƙogwaro, inji ya karɓi aikin numfashinsa na tsawon makonni. Ni dai ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana tashi yana sauka, ban ji komai a raina ba.

Dafin ya fita, amma da aka cire injin sai numfashi ya gagara. Likita ya ce naman da ke jan iska a ƙarƙashin huhu ya rame don rashin aiki, kamar san huɗa da ya daɗe a turke. Injin ya ceci ransa, wannan ba na musu. Sai dai kowane allazi da nasa amanu.

Da ya ɗan samu sauƙi muka dawo gida, ya hau matakalar masallaci zai kira salla. Yana kai "Ashhadu" iska ta ƙare masa. Ya tsaya yana haki, jama'a suka sunkuyar da kai.

Daga baya na sayo lasifika da batir a Funtua. Na ce, "Yaya, ko raɗa ka yi za a ji."

Ya ce, "Haba ƙanena. Inji ya taɓa yi mini numfashi, ka ga abin da ya bar mini. Muryar ma in ba shi?"

Sai ya zaunar da maƙwabcinmu Malam Sani ya koya masa kiran, gaɓa-gaɓa, yana hutawa a tsakani. Ba a daɗe ba tari ya tafi da Yaya.

Yau lasifika ta cika gari, da Yaya na raye ban san me zai ce ba. An ce likitocin yanzu a hankali suke yaye mara lafiya daga injin. Madalla.

Amma je ka masallacinmu ka saurara. Ladanin yanzu, wanda ya koya wurin Malam Sani, yakan yi dogon shiru bayan "Ashhadu" ta farko. Shi a ganinsa haka ake kiran. A nan ne numfashin Yaya ke yankewa.