Goggo da Bakteriyarta Masu Ƙiba

A ɗakin binciken kowa Goggo yake ce mata, har shugaban sashen da ya girme ta. Mace ce da ba ta iya ganin mutum a rame ba ta tura masa kwano ba. Ƙuruciyarta kuwa a kan abu guda ta ƙare: hancin bakteriya. Haka take kiran furotin ɗin da ke cunkushe a goshin ƙwayar, wanda da shi take shinshino abinci ta nufe shi, ta ji guba ta juya. A irin bakteriyar da Goggo ke kiwo babu wanda ya taɓa ganin yadda furotin ɗin yake jere, ita kuma ta rantse sai ta gani kafin ta yi ritaya.

Ritayar ta zo bakin ƙofa. Zama ɗaya ya rage mata a gaban babbar na'urar ƙara girma, alhali duk hotunanta na baya baƙi ƙirin suke fitowa.

Mai kula da na'urar ya yi ta maza ya ce, "Goggo, kada ki ji haushi. 'Ya'yan nan naki sun yi ƙiba, hasken ba ya ratsa su. Wai me kike ɗura musu?"

"Romo mai kyau mana! Da yunwa zan bar su?"

"To, ai ita ce maganin."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Ta koma ta tsinka romon ya zama ruwa-ruwa, tana zubawa tana ba su haƙuri a bayyane. Abokan aikinta har da riƙe ciki don dariya, ko kallo ba su ishe ta ba.

Ranar zaman, ta daskarar da ramammun ƙwayoyin, aka saka a na'ura. Allon ya yi hazo, ya washe. Sai ga shi a goshin wata siririya: furotin a jere reras, gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane gida riƙe da maƙwabcinsa. Shi ya sa ɗaya in ya ji ƙamshi, duk layin ya ji.

Goggo ta rangaɗa guɗa a ɗakin da ko tari ba a so. Murna ta sa ta kuka, ta cire tabarau ta goge, ta mayar da sauri.

Mai na'urar ya ce, "In ɗauki hoton?"

"Ɗauki, ɗan nan. Amma matsa gefe tukuna, ban gama gani ba."