Sajen da Ya Mayar da Yayana Asibiti

Yayana ya yi shekara tara yana aikin soja, yawancinsu a Arewa maso Gabas. Da ya baro aikin ya dawo gidanmu a Barikin Sale, ɗan ɗingishi kawai muka gani a ƙafarsa ta hagu, muka yi hamdala tunda ya dawo da ransa. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa. Tun da aurena ya mutu na dawo wajen Inna, na buɗe shagon ɗinki a ƙofar gida, saboda haka duk mai shiga da mai fita a idona yake.

Watannin farko lafiya lau. Daga nan ya fara ƙin zama inda zai ba ƙofa baya. Barci ya ƙaurace masa. Wata rana da hantsi tayar wata tifa ta fashe a bakin titi, sai ya yi tsalle ya danne Inna a tsakar gida yana ihu a kwanta, a kwanta, har hannunta ya goce. Bayan kwana biyu ya fara hira da mutanen da ba ma gani, yana kiran sunayen abokan aikinsa da muka san sun rasu. Kawunmu ya samo mota aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna. Sati shida ya yi a can.

Da aka sallame shi aka haɗo shi da magani da kati, aka ce ya riƙa ganin likita a wani asibiti nan Minna duk Talatar farko ta wata. Ya je sau biyu. Ranar ta uku na tuna masa da safe, ya ce ya ji. Ya fitar da Keke Napep ɗin da ya saya da kuɗin sallamarsa ya tafi neman fasinja, bai dawo ba sai la'asar.

Ban ga laifinsa duka ba. Maganin yana mai da shi kamar buhun siminti, ga rawar hannu, ga gyangyaɗi a kan tuƙi. Kuma a zuwansa na biyu wata maƙwabciyarmu ta hango shi a kan bencin masu jiran likitan ƙwaƙwalwa. Kafin sati ya zagayo, matar da yake kai wa 'ya'ya makaranta ta ce ta samu wani mai keke. Mata suka riƙa rage murya a shagona in ya zo wucewa. Inna kuwa cewa take, "Ai ya warke, ku ƙyale shi. Sauran na addu'a ne." In na matsa masa sai ya ce, "Ke tela ce ko likita?"

Wata huɗu ya yi ba magani. Ina kallo ƙafarsa ta koma karkarwa in yana zaune, ya koma duba sakatar ƙofa sau biyar sau shida da rana tsaka. Na rasa wanda zan gaya wa.

A cikin haka kekena ya fara tsallake ɗinki, na kira mai gyara. Wani dattijo ne mutumin Kudancin Kaduna, Kirista, ya haura sittin da biyar, wanda telolin unguwarmu kaf ke kira Baba Saje saboda tsohon soja ne. Gajere ne, kullum rigarsa a soke cikin wando, takalminsa na sheƙi ko da damina. Hausarsa tana gudu kamar ruwa, sai dai ba ruwansa da bambanta mace da namiji in magana ta yi zafi. Na san shi shekara uku, ban taɓa sanin komai game da shi ba ban da gyaran keke.

Yana cikin kwance kan keken sai ya ɗaga kai ya hangi Yaya a kan benci a waje, ya jingina bayansa da bango, idonsa a kan titi.

"'Yata, wancan soja ne?"

Na ce, "Ya aka yi ka sani, Baba?"

"Dubi inda ya zauna. Inuwa tana can, shi yana nan."

Ya goge hannu ya fita, ya tsaya gabansa ya ce, "Wace bataliya?" Yaya, wanda a lokacin ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, sai na ga ya miƙe tsaye. Suka yi kusan awa guda suna hirar bariki, da abincin da ake ba kurata, da wani irin horo da ake yi a cikin taɓo. Na ji Yaya ya yi dariya. Baba Saje bai ambaci asibiti ba ko sau ɗaya.

Sati na gaba ya dawo, alhali kekena lafiyarsa ƙalau. Da Yaya ya shiga gida sai dattijon ya tambaye ni a hankali, "An taɓa kwantar da shi?" Na ce e. "Yana zuwa ganin likita?" Na girgiza kai, hawaye ya zubo mini. Ya ce, "To, share. Kada ki ƙara yi masa maganar. Bar mini."

Da Yaya ya fito sai ya ce masa, "Kofur, ina da roƙo. Idona ya fara ba ni matsala, ba na son hawa babur cikin gari. Ranar Talata ka zo ka kai ni asibiti, ka jira ni, ka mayar da ni. Shata zan ɗauke ka." Yaya ya ce shi ba zai karɓi ko kwabo ba, amma zai kai shi.

Abin da ya faru ranar, daga baya na ji shi a bakin Yaya. Sun shiga asibitin, Yaya ya nufi ɓangaren ido, Baba Saje ya ce a'a, ya yi gaba. Suka yi ta gaba har ƙofar ɓangaren da Yaya ya tsana. Nan dattijon ya zaro kati daga aljihu, tsoho, duk an lilliƙe shi da salatif.

"Shekara goma sha ɗaya ina zuwa nan," in ji shi. "Da na dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, an kwantar da ni sau uku. Duk sallamar da aka yi mini sai in ce na warke, in watsar da magani. A ta ukun matata ya kwashe yara ya koma ƙauye, kuma gaskiyarsa ne, don na fasa duk abin da ke cikin ɗaki. Shekara biyu ina roƙo kafin ya dawo. Ban ce ka shigo ba. Ni dai jira ni."

Yaya bai shiga ba. Ya zauna cikin keke yana huci har aka gama. Da ya dawo gida ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Ke kika haɗa wannan, ko?" Na rantse masa ban san dattijon yana da kati ba. Kwana uku bai yi mini magana ba. Na ce a raina shi ke nan, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Amma da wata ya zagayo, Baba Saje ya bugo waya kamar ba abin da ya faru, Yaya kuma ya kasa ce wa babba a'a. Ya kai shi, ya jira a waje. A wata na uku dattijon ya ce ya riƙe masa jaka zuwa ciki don ba ya iya karanta lambar layi. Suka zauna a bencin tare. Yaya ya ce mini abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda Baba Saje yake zama a wurin: ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gaisawa da kowa da ƙarfi, yana tsokanar nas-nas, kamar mai jiran mota a tasha. Wani ɗan cocinsu ya zo wucewa, maimakon ya sunkuyar da kai sai ya ƙwala masa kira ya ce, "Na zo a yi wa kaina sabis ne, kamar inji!"

Da layi ya zo kansa ya ja hannun Yaya suka shiga tare. Ya ce wa likita, "Ga wani ƙanena. Maganinku ya hana shi neman abinci, shi kuma kunya ta hana shi faɗa." Likitan ya tambayi Yaya ko yana son a duba shi. Yaya ya ja kujera ya zauna. Aka nemo fayil ɗinsa. Aka canza masa magani, aka mayar da mai sa barcin zuwa bayan isha'i. Yaya bai taɓa sanin ana iya roƙon haka ba. A bariki abin da aka ba ka shi za ka karɓa.

Ba a rana ɗaya ya daidaita ba. Sai da aka sake canji sau biyu, kuma akwai satin da ya ce zai daina. Amma ya ci gaba da zuwa. Inna, da ta fara cewa me ya haɗa ɗanta da wannan mutumin, ita ce ta koma zuba masa fura a kwanon da ba ta ba kowa.

Wata rana na ga Baba Saje ya zura zare a allura tashi ɗaya, wanda ni sai na yi sau biyu. Na ce, "Baba, ashe idon ya warke?" Ya ce, "Na hagu ne ba ya gani sosai. Shi nake kaiwa asibiti, na dama rakiya yake yi."

Sannu a hankali na gane ba Yaya ne na farko ba. Dattijon ya san duk tsohon sojan da ke zama a bencin nan. Ba wanda ya ɗora masa aikin, ba kuma mai biyansa. In ya ga wata biyu ba ya ganin fuskar wani, sai ya rufe jakar gyaransa ya bi sawu. Da can da babur yake zuwa, yanzu ya samu Yaya. Sun je Paiko wajen wani da ya ce aikin doya ya hana shi zuwa. Baba Saje ya cire takalminsa mai sheƙi ya karɓi fartanya, su uku suka gama kunyar da ta rage, sannan ya ce, "To, yanzu me ya rage?" Mutumin ya yi dariya, Talata ta gaba ya hau bas ya zo.

Na garin Gwada ne ya gagara. Matashi ne, bai kai Yaya ba. Sau uku suna zuwa. A zuwan ƙarshe ya karɓe su da mutunci, ya sa aka dafa musu doya, amma ya ce ba zai koma ba. Garin cike yake da mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, har da dangin matarsa. Ya ce, "Oga, likita ya ce in nisanci abin da ke tuna mini da daji. Ina zan je? Kuma in na sha magani na yi nauyin barci, suka zo, wa zai tashi iyalina?" Baba Saje dai ya roƙe shi ya zo ya faɗa wa likita haka da bakinsa. Ya ce to. Bai zo ba. Da damina ta yi nisa aka bugo waya aka ce ya rasu. Danginsa suka ce zazzaɓi ne, dattijon bai tambayi ƙari ba.

Washegari ya zo shagona ya zauna, ya buɗe kekena yana ɗiga masa mai, alhali bai fi sati da sa masa ba. Can ya ce, "Da na koma karo na huɗu." Na ce, "Baba, ka yi iya yinka." Ya ce, "Na yi uku." Ranar Asabar shi da Yaya suka tafi gaisuwa, ya tsaya a gefe hularsa a hannu har aka shafa fatiha.

Bayan shekara biyu Yaya ya samu wadda zai aura, wata malamar firamare daga Tunga. Sai na lura ya ɓoye katinsa a cikin akwatina, ya tsallake wata guda. Wannan karon ban yi masa faɗa ba, waya na ɗauka. Baba Saje ya zo ya same shi yana wanke keke a ƙofar gida.

"Kofur, ta sani?"

"Ba ta sani ba, Oga. In ta ji za ta gudu."

"In zai gudu, gara ya gudu yanzu da kayan ɗakinsa a gidan ubansa. Ni na ɓoye wa tawa, ka ji yadda muka ƙare. Je ka faɗa mata yau. In kana so in raka ka, in tsaya a waje."

Yaya ya tafi shi kaɗai. Yarinyar ta nemi sati guda ta yi shawara, satin da Yaya ya rame a idona. Da ta dawo da amsa, sharaɗi ɗaya ta kafa, cewa za ta bi shi ta ga likitan ta yi tambayoyinta da kanta. Ta je da littafi da biro. An ɗaura auren a masallacin unguwarsu, Baba Saje na tsaye a bakin ƙofa cikin tsohuwar kwat ɗinsa, yana karɓar barka kamar shi ne waliyyi.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da Baba Saje, babban ɗansa ya zo ya tafi da su garinsu shi da matarsa. Kafin su tafi ya sa aka mayar da fayil ɗinsa asibitin da ya fi kusa da can. Inna ta aika musu da turmin atamfa da ƙullin daddawa. Telolin unguwarmu har yau ba mu samu mai gyara kamarsa ba. Yaya kuwa yana da 'ya mace yanzu, yana zuwa ganin likita duk bayan wata uku, kuma a kan hanya yakan biya ta Chanchaga ya ɗauko wasu tsofaffin sojoji biyu. Ɗayansu kullum sai ya ce yau ne zuwansa na ƙarshe.