Igiyar Inna Mai Ƙulli Goma Sha Huɗu

A shekarar da ciwon bushiya ya ƙarar da shanun maƙwabtanmu Fulani, ina da shekara tara, kuma a sanyin shekarar ne Inna ta warware mana igiyarta karo na ƙarshe. Inna kakata ce, mahaifiyar babana. Ita ta raine ni a Zurgu, domin uwata ta rasu a ranar da ta haife ni.

A gidanmu akwai ranar liƙe rumbu. Idan dawa ta gama shiga, sanyi ya kai inda ruwan randa ke kama haƙori, sai maza su kwaɓa ƙasa su toshe bakin babban rumbu, ba za a sake taɓa shi ba sai damina. Da yammar ranar, bayan an ci tuwo, Inna takan sa a hura wutar kara a tsakar gida, a tura dankali cikin toka. Sauran ranaku tatsuniya take mana. Ran nan kuwa sai ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar igiyar rama, ta yi baƙi saboda hayaƙi, da ƙulli goma sha huɗu a jikinta. Kowane ƙulli abu ne da ya taɓa faruwa a ranar liƙe rumbu, tun zamanin kakanta.

Baffa Sale, ƙanin babana, ba ya barin ta ta fara lafiya.

"Inna, bara Laraba muka liƙe, bana Asabar. Ta yaya ta zama rana ɗaya?"

"Rana ɗaya ce, dawowa take yi. Kai da ko ranar kaciyarka ba ka riƙe ba, sai kukan da ka yi."

Sai a kwashe da dariya, ita kuma ta ɗora babban yatsa a ƙullin farko.

Na farko, ranar da kakanta ya sauka a nan da jaki ɗaya da ƙwaryar iri. Na biyu, rijiyar da ta rufta ba ta ci kowa ba sai guga. Na uku shi ne gobara, kuma shi ta fi jan sa. Wata tsohuwa ta shiga ɗaki da kaskon garwashi saboda sanyi, wuta ta kama zana, ta bi unguwa tana cin rumbuna ɗaya bayan ɗaya. Namu kaɗai ya tsira, don da safen ranar aka liƙe shi, ƙasar ba ta ko bushe ba. Da dawar cikinsa gida bakwai suka ga damina. Na huɗu, wata Bafulatana da naƙuda ta kama a ƙofar gidanmu suna kan hanyar mashaya, jikokinta har lokacin suna kawo mana nono. Na biyar, yayan Inna da ya tafi yaƙin Turawa, aka yi masa sadakar arba'in, sai ga shi ya yi sallama ana tsakar kwaɓa ƙasa. Maza suka watse, wani ya bar takalminsa a cikin kwaɓin. Shi kuwa cewa ya yi, "Ku dawo, fatalwa ba ta tambayar tuwo."

Daidai nan, kowace shekara, ake fara kiɗa a dandali. Samari na langa, ana ihu. Ƙafata sai ta fara rawa da kanta. In dubi wuta, in dubi ƙofa, in ce zan je bayan gida, shi ke nan ba a sake ganina.

A shekarar nan ta kama gefen rigata.

"Angona, ina kuma za ka? Naka ne na ƙarshe. Uwarka ta bar maka magana, ni kaɗai ce a ɗakin."

"To faɗa mini yanzu mana, Inna."

"Ba a tsallake ƙulli. Waɗanda suka riga ka zuwa, su ma mutane ne. Zauna ka bi ta kansu."

Na zauna. Wallahi na yi niyya. Ta kai yatsa kan na shida, sai na ji muryar abokina Ɗanjuma yana kirana ta bayan danga, wai an kayar da ɗan unguwarmu. Na zame rigar na bar mata ita a hannu. Ina jin ta tana cewa, "Baɗi ma rana ce, in muna nan." Daga baya Baffa ya gaya mini, duk shekarar da na gudu, a na goma sha uku take tsayawa ta naɗe igiyar. Damina ta faɗi, Inna ta kwanta kwana huɗu, ta rasu.

Bana na shiga ajin yaƙi da jahilci a Rano, gemuna da furfura. Rayuwa ta koya mini zama; ina iya yini a kan harafi ɗaya ban gaji ba. Wata rana malaminmu, Malam Auwalu, wanda a haife na haife shi, ya ce kowa ya kwafi ranar haihuwarsa daga katin ɗan ƙasa. Ya bi layi yana dubawa, da ya zo kaina sai ya fashe da dariya.

"Baba Isiyaku, ɗaya ga Janairu. Alhaji Musa, ɗaya ga Janairu. Kai, ashe ajin nan duk tagwaye ne!"

Alhaji Musa ya ce, "To ungozoma ta sha aiki ran nan."

Duk wanda bai san ranarsa ba, ita ake rubuta masa. Na yi dariya tare da su, amma da na koma gida na kasa zama wuri ɗaya. Mu an tara mu a rana guda don ba a san komai a kanmu ba. Inna ta tara mutanenta a rana guda don kada a manta ko ɗaya. Na buɗe akwati na ciro igiyar da Inna ta bari, na lallaɓa ta da yatsa. Takarda na fara iya karantawa, wannan kuwa ta ƙi yi mini magana. Babana ya rasu, Baffa Sale ya rasu. Saura Gwaggo Hansai, autar Inna, da aka kai aure Tarai tun ban yi wayo ba.

Ran Juma'a na hau babur da littafina da fensir. Na same ta a rana tana jin ɗumi, idonta ya tafi. Na sa mata igiyar a hannu. Ta daɗe tana shafawa.

"Wannan fari ne, shekarar da muka ci ganyen tafasa ba gishiri, aka liƙe rumbu ba komai a ciki don kada yara su gane. Wannan kuma auren babanka." Ta wuce sauran tana girgiza kai. "Sun gudu, ɗan nan. Da ka zo shekara biyar baya."

"Na ƙarshen fa, Gwaggo?"

"Haihuwarka ce, wannan kowa ya sani. Abin da uwarka Dije ta ce kuwa, na tambayi Inna har sau biyu. Ta ce ba nawa ba ne, mai shi zai zauna wata rana."

Na zauna a gefenta har la'asar, ban motsa ba, ko wani abu zai faɗo mata. Bai faɗo ba. Na rubuta abin da na samu, bai cika shafi biyu ba.

Ƙulli goma sha huɗu ne. Biyar na sani, biyu Gwaggo ta ba ni. Shida sun tafi, ko sunan mutanen cikinsu babu. Na ƙarshe saura rabinsa: an haife ni, uwata ta bar mini magana, ni kuma na tafi kallon langa.