Ranar da Na Goyi Inna a Cikin Teku

Shekarun baya, lokacin ina koyar da darasin labarin ƙasa a wata kwalej a Damagaram, ƙanena da ke aiki a wata ƙasa ta bakin teku ya matsa mu kai masa ziyara, ni da mahaifiyata. Hutun sanyi na lakwal, wato makarantar boko, ya zo, muka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, daga can muka shiga jirgi.

Bari in gaya muku ko wane ne ni a lokacin. Na shekara goma sha ɗaya ina zana teku a allo. Ina koya wa yara yadda yake janyewa ya dawo, sau biyu a wuni da kwana, da yadda wata yake jan sa. Har hannu nake ɗagawa ina kwatanta igiyar ruwa. Amma ruwa mafi girma da na taɓa gani da idona shi ne tafkin da ke cika a bayan unguwarmu da damina. Yara ba su sani ba, ni kuma ban ga dalilin gaya musu ba.

Mahaifiyata kuwa 'yar ƙauyen Guna ce, aure ya kawo ta Zango, unguwarmu a Damagaram. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ina yaro “kai wannan” take ce mini. Da na fara aiki sai ta koma “Mushe”, wato malam, kamar yadda 'yan lakwal suke kirana. Ko magana za ta yi mini, bango take kallo.

Ranar da muka fara tsayawa a gaban teku, ta ƙare masa kallo. Sai ta duƙa ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar.

“Ikon Allah,” in ji ta. “Mu muna can muna bin 'yan ga-ruwa, ashe nan aka tara shi duka, aka zuba masa gishiri.”

A kwana na biyar ƙanena ya ɗauke mu a mota zuwa wani ƙauyen masunta. Daga bakin ƙauyen ana hango wani tsibiri mai itatuwan kwakwa. Da muka isa, misalin ƙarfe goma na safe, babu ruwa tsakaninmu da shi sam. Rairayi ne shimfiɗe, iya ganinka, fari fat, ya fi duk wani filin idi da na sani faɗi sau ba adadi. Kwale-kwale na kwance a gefensu kamar an yar da su. Can gaba ga mata sun fi ashirin, sun duƙa suna tonon wasu ƙananan dodon-koɗi suna zubawa a kwando.

Ƙanena ya ce zai tsaya ya sa a gasa mana kifi. “Yaya, ku taka ku gano tsibirin, tafiyar rabin awa ce. Amma da kun ga matan can sun taso, ku biyo su.”

Na tambaye shi yaushe rairayin ya fito. Ya ce wajen ƙarfe tara. Na duba agogo, na yi lissafi a kai. Awa shida ruwa ke yi kafin ya juyo, haka nake koyarwa. Tara da shida, uku na yamma ke nan. Na ce masa, “Kai dai je ka ji da kifi. Wannan aikina ne.”

Muka cire takalma. Rairayin da sanyi, da tauri a ƙarƙashin ƙafa, ga layi-layi a jikinsa kamar an yi masa kitso. Ƙananan kaguwa na gudu a karkace suna shigewa rami, Inna na ta yi musu dariya. Tana fama da ciwon gwiwa, don haka tafiyar rabin awa ta zame mana kusan awa guda. A tsakiyar hanya muka ratsa wani kwari mai ɗan zurfi, ruwansa iya idon sawu. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi hagu da dama.

“Wannan ƙorama ce,” in ji ta.

Na ce, “Inna, ƙorama a teku?” Na yi dariya muka wuce.

Tsibirin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Inuwa, iska, ga tsuntsaye farare. Inna ta shimfiɗa gyalenta ta zauna kusa da wata tsohuwa daga cikin matan, wadda ta zo hutawa da sandarta. Ba mai jin harshen wata, amma kafin in juya har sun raba goro. Ni kuma na ɗauki talho, wayata ta hannu, na shiga zagaye, ina ɗaukar hotunan da zan nuna wa 'yan aji.

Da na dawo, sha biyu ta wuce, na tarar Inna a tsaye, ta yafa gyale. Matan sun ɗora kwanduna a ka, sun yi layi sun nufi ƙauye. Tsohuwar ce ta ƙarshe. Tana ta yi mana magana, tana nuna teku, tana ɗaga hannu daga gwiwarta zuwa ƙirjinta.

“Mushe, mutanen nan sun tashi,” in ji Inna.

“Sun cika kwandunansu ne, Inna. Muna da sauran awa uku. Bari mu yi azahar a nan, in ƙarasa ganin ɗaya gefen.”

“Matar nan cewa take ruwa na zuwa.”

“Ni nake koyar da wannan abu fa.”

Ta kalli wata itaciyar kwakwa, ta ce, “A Damagaram kake koyar da shi. Shi ruwan bai taɓa shiga ajinka ba.”

Duk da haka na tsaya. Tsohuwar ta girgiza kai ta bi 'yan uwanta. Na ƙara kusan minti arba'in ina yawo. Abin da ya dawo da ni hayyacina, wani kwale-kwale ne da na ɗauki hotonsa yana kwance a kan rairayi. Da na sake bi ta wurin, sai na ga ya miƙe yana rangaji a kan ruwa.

Daga baya na gane kuskurena. Awa shidan gaskiya ne, amma daga cikar ruwa ake ƙirgawa zuwa ƙarshen janyewarsa. Lokacin da rairayin ya fito, teku ya riga ya cinye fiye da rabin tafiyarsa. Hanyar ba ta wuce awa huɗu a buɗe, kuma mun ci kusan duka.

Na ce, “Inna, mu tafi.” Ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Ta dai tattare zanenta.

Da farko ba abin tsoro. Rairayin gabanmu a bushe yake. Sai dai ruwan ba daga bayanmu ya biyo mu ba, kamar yadda na zata. Ta gefe yake shigowa, shiru, ba igiya ba ƙara, yana cika kowane ɗan gurbi. Da muka isa kwarin nan, ya zama kogi. Faɗinsa ya kai taku sittin, ruwan na gudu da ƙarfi. Na waiga, na ga hanyar komawa tsibirin ma ta fara nutsewa, kuma ta fi nisa ga mai ciwon gwiwa. Na jawo talho, babu rezo, ba halin kiran kowa. Ban iya iyo ba. Wa zai koya mini iyo a Zango?

A ɗaya gaɓar, tsohuwar nan na tsaye. Ashe ba ta tafi ba. Ta ajiye kwandonta tana jiran mu, tana ɗaga sanda.

Na durƙusa na ce, “Inna, hau bayana.”

Ta ja da baya. “A'a. Subhanallahi. Ni?”

“Inna, gwiwarki ba za ta tsaya a ruwan nan ba. Yau dai ki ajiye kunya. Hau.”

Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Ta dube ni, ido cikin ido, sannan ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta hau. Na miƙe da shirin ɗaukar kaya mai nauyi, sai na ji kamar buhun ƙaiƙayi. Matar da take ɗaukar tulu a ka da goyo a baya. Ban san ta ƙare haka ba.

Na nufi inda ruwan ya fi ƙunci kuma ya kwanta lumui. Ta buga mini kafaɗa.

“Ba nan ba. Inda ya yi shiru nan ne zurfi. Bi can inda yake tsalle-tsalle, inda ya yi faɗi.”

Na duba, sai na ga tsohuwar ma can take nunawa da sanda. Wannan karon ban yi musu ba.

Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Inna na bayana tana ba da umarni kamar mai koran jaki: kada ka ɗaga ƙafa, ja ta a ƙasa, karkata ka fuskanci inda yake fitowa, kar ka kalli ruwan, kalli matar. Tun tana yarinya take ratsa ƙoramun Guna da damina, da kayan gona a ka. Ni da na je lakwal ban taɓa tambayarta ba.

A tsakiya ruwan ya kai mini ƙugu, rairayin ya zame a ƙarƙashin ƙafata ta hagu, na tafi kamar zan kife. Sai na ji ta ƙanƙame wuyana, ta kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, sau biyu.

“Tsaya da ƙafarka! Ba za ka faɗi ba!”

Na tsaya. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, amma daga wannan takun ban ƙara shakkar za mu fita ba. Tsohuwar ta shigo har gwiwa ta miƙo sanda, na kama, ta ja mu. Muka ƙarasa ƙauye ruwa na lasar dugaduganmu. Muka haɗu da ƙanena ya taho a guje da masunta biyu, idonsa ja wur. Ya buɗe baki zai yi mini faɗa, Inna ta ce, “Ina kifin? Yunwa nake ji.” Bayan mun yi salla, ta sa aka nemo tsohuwar, suka ci a kwano ɗaya. Kafin la'asar, inda muka taka ya zama teku, kwale-kwale na wucewa a kai.

Da muka koma lakwal na ba 'yan ajina labarin duka, har da lissafin da na kuskure. Sun yi mini dariya sosai, kuma a jarrabawar shekarar ba wanda ya faɗi wannan tambaya. Ban daina yarda da karatuna ba, don karatun bai yi ƙarya ba, ni ne na ɗauka ya ishe ni. Yanzu duk inda na sauka, ko ƙauyen Dogo ne da ke nan kusa da mu, sai na nemi wanda ya tsufa a wurin na tambaye shi, kuma in ya yi magana in rufe bakina.

Inna ta rayu shekara bakwai bayan wannan tafiya. Matan unguwa sun sha labarin a wurinta, a gidan suna, a gidan biki, a kan tabarmar tsakar gida. Na sha tsayawa a zaure ina saurare, ina jiran ta iso wurin da na yi gardama. Ba ta taɓa isowa ba. Kullum sai ta ce ruwa ne ya zo musu ba zato, babban yaron nan ya goya ta ya ratsa teku da ita, ruwa har ƙirji. Ƙugu ne, amma ban taɓa gyara mata ba.

Har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa a Zango cewa ni na jefa ta cikin ruwan ba. Yau ni na faɗa da bakina. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.