Malam Zailani da Dokar Wasa Uku

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, ina tsakiyar darasin lissafi da 'yan aji biyar wayata ta yi ƙara a aljihu. Ba na ɗaukar waya a cikin aji, amma ranar sai na ɗauka. Khaulat ce, 'yar Malam Zailani na Ɗinyar Malamai. Ta ce, "Malam Tahir, Baba ya rasu yanzun nan." Na faɗi abin da musulmi ke faɗa, cewa na Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Na ajiye alli, na nemi izinin hedimasta, na hau babur. Bayan la'asar muka kai ka makwancinka, Malam Zailani, daidai lokacin da ka saba fitowa da tabarmarka zuwa bakin fili.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Kunci. Na fi shekara ashirin ina hura usur a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙauyukan da ke tsakanin Ɗanbatta da Kunci. Alƙalin wasa ba shi da aboki a bakin fili. Wanda ya ci ya manta da kai, wanda aka ci kuwa har sunan kakanka sai ya tono. Cikin shugabannin ƙungiyoyin nan duka, kai kaɗai ne nake cin tuwo a gidansa. Tuwon bai taɓa hana ni hura wa yaranka laifi ba, kai ma ba ka taɓa sa ran zai hana ba.

A ƙasarmu babu filin banza. Gona ce ke bin gona, daga bayan dangar wannan gida har zuwa dangar wancan. Saboda haka ƙwallonmu na rani ne, kuma kusan kowane filin wasa gonar wani ce da aka cire wa amfani. Filin ƙungiyarka, Matasan Ɗinya, gonarka ce ta bakin gari, wadda ka gada, wadda ta fi sauran gonakinka kyau. Ba ka shuka dawa a cikinta, don dawa tana jinkiri, yara za su daɗe suna jira. Gero da gyaɗa kawai kake sa mata. Da an gama girbi sai ka tara samarin su tumɓuke tushiyar kara don kada ta soke ƙafa, su baje kunyoyi, su kafa sandunan darbejiya. Takin da kowa ke jibgewa a tsakiyar gona tun rani, kai a gefe kake tara naka har sai an gama gasa. Layin fili kuwa da tokar murhun matarka, Inna Jumma, ake ja shi. Takan ce ita ba ta taɓa ganin wasa ko ɗaya ba, amma babu wasan da aka yi ba da ita ba. Kowace damina sai an sha wuya kafin garma ta shiga ƙasar da ƙafafu suka daddanne wata da watanni. Maƙwabta suna ce maka kana asara, kai kuwa sai ka ce gara ka san inda samarin garinku suke bayan la'asar.

Ba zan yi maka ƙarya don ka rasu ba: a farko ƙungiyarka ba ta iya komai ba. Na taɓa hura musu wasan da aka zura musu bakwai kafin hutun rabin lokaci, har mai tsaron gidan ya zo ya roƙe ni in tashi wasan. Kai kana kan tabarma kana dariya, kana ce masa ya koma ya ƙarasa abin da ya fara. Ba ka iya koyar da ƙwallo ba, kuma ba ka ɓoye ba. Abin da ka iya shi ne riƙe mutane. Wanda mahaifinsa ya hana shi wasa, kai ne za ka je ka zauna da uban, ka yi alkawarin yaron ba zai rasa makarantar magariba ba, kuma ka tabbatar bai rasa ba. Wanda ya gurɗe ƙafa, a bayan kekenka zai je wurin mai ɗori. A haka, shekara bayan shekara, suka tashi daga ƙarshe zuwa tsakiya, daga tsakiya suka fara ba manya tsoro. Sannan Allah Ya kawo Fatihu, ɗan Sarkin Fawan garinku, dogon saurayi mai ƙafar hagu da ban taɓa ganin irinta a yankin nan ba. Da shi Matasan Ɗinya suka zama ƙungiyar da ake tsoron haɗuwa da ita. Kana son yaron nan kamar kai ka haife shi, kuma kowa ya sani.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar doka. A da, dokar gasarmu ta ce duk ɗan wasan da ya kai wa alƙali hannu, a dakatar da shi wata uku. A kunne hukunci ne mai nauyi. Sai dai samari ba wawaye ba ne. Sun lura cewa wata uku na damina ba a buga ƙwallo ko'ina, kowa yana gona. Sai suka koyi tara fushinsu har zuwa wasannin ƙarshen rani. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mu alƙalai mun san lokacinmu ya zo. Mutum zai mare ka a watan Mayu, ya je ya yi nomansa, kaka ta yi ya dawo fili tsaf kamar bai yi komai ba. A irin wannan ne na rasa haƙorina na gaba a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Kai ba ma ƙungiyarka ke wasa ba, kallo ka zo. Kai ne ka ratsa taron, ka lulluɓe ni da babbar rigarka, ka kai ni Ɗanbatta aka wanke mini baki. A hanyar dawowa ka yi ta tsokanata cewa yanzu usur ɗina zai fi ƙara.

Daga ranar ka ɗauki maganar a kanka. Duk zaman kwamitin gasa sai ka tayar da ita: a daina ƙirga dakatarwa da watanni, a ƙirga ta da wasanni. Wanda ya taɓa alƙali ya zauna wasa uku, ko da damina goma ce ta shiga tsakani. Shugabannin ƙungiyoyi ba su so, don kowa yana da ɗan wasa mai zafin kai da yake ji da shi. Sun yi ta kaucewa, kai kuma ba ka da gajiya. Bara suka amince, ina jin don su huta da kai.

Sai ga shi mutum na farko da dokar ta kama, Fatihu ne. A ƙarshen ranin da ya wuce, a wasan kusa da na ƙarshe, Matasan Ɗinya suna gaba da ci biyu da ɗaya, ya zura ta uku, ni kuma na hura satar gida. Har gobe ina nan a kan cewa satar gida ce. Ya rugo ya sa hannu biyu a ƙirjina ya hankaɗa ni, na zauna daɓas a cikin yashi. Na tashi na kaɗe wandona na ɗaga masa jan kati. Ƙungiyarka ta yi nasara duk da haka, ta kai wasan ƙarshe karo na farko tun da aka kafa ta. A cikin makon ruwa ya sauka, kowa ya ɗauki fartanya, aka ɗage wasan ƙarshe sai bayan girbi. Da tsohuwar doka ce, damina ta wanke Fatihu. Da taka dokar, ba zai buga wasan da ƙauyen ya yi shekaru yana jira ba, wasan da masu neman 'yan wasa ke zuwa kallo daga Kano.

Na san irin matsin da ka sha. Dattawa sun zo zaurenka, wasu da lallashi, wasu da faɗa. An ce dokar sabuwa ce, an ce ai turawa ce ba mari ba, an ce wane irin mutum ne zai tona wa garinsu rami da hannunsa. Ni ma an aiko mini a asirce, wai in ce santsi ne ya ɗebe shi ya faɗo kaina. Ana cikin haka ka zo gidana da Fatihu, ka sa ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Na yafe masa nan take, don yaron ya ba ni tausayi. Na ce idan kana so zan je gaban kwamiti in faɗa musu na yafe.

Ka ce, "Malam Tahir, yafiyarka tsakaninka da shi ce, Allah Ya ba ka lada. Amma dokar nan ba don kai kaɗai aka yi ta ba. Akwai wanda zai riƙe usur a bayanka, shi ma yana da haƙora."

Fatihu ya zaci ban haƙurin ne zai buɗe masa hanya. Da ya ji haka sai ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba. Daga ranar bai sake taka zaurenka ba. Ranar gayyar noman gonarka bai zo ba, wasu samarin ma suka bi bayansa. Daga bisani aka ce ya bi motar shanu zuwa Kudu, ya kashe wayarsa. Ba ka taɓa faɗin mummunar kalma a kansa ba. Idan aka ambace shi sai ka ce yaro ne, zai huce.

Ciwo ya kwantar da kai ana gab da yankan gero. Na zo duba ka sau da yawa, amma zuwan da ba zan manta ba shi ne na ƙarshe. Ka rame ƙwarai, muryarka ta yi ƙasa. Ka ce mini, "Mutane suna zaton ban damu da kofin nan ba. Wallahi babu wanda ya kai ni son ganinsa a garin nan. Kuma na san ba tare da Fatihu ba, da wuya." Sannan ka tambaye ni ko na ji labarinsa. Na ce ban ji ba. Na fito daga ɗakin ina share hawaye, ni da aka sani da taurin rai.

Ranar sadakar uku Fatihu ya iso, da ƙurar hanya a jikinsa. Labarin bai same shi da wuri ba. Ya nemi ƙarshen tabarma ya zauna, kansa a ƙasa. Bayan an shafa addu'a, sai Alhaji Muntaka, shugaban ƙungiyar da za ta kara da Matasan Ɗinya a wasan ƙarshe, ya yi gyaran murya. Ya ce shi da sauran 'yan kwamiti sun tattauna, sun ga ya dace a girmama mamaci, a ɗage wa Fatihu hukunci ya buga wa ƙungiyar Malam Zailani wasanta. Mutumin kirki ne Alhaji Muntaka, don ya san abin da ƙafar hagun nan za ta yi wa yaransa, amma ya faɗa da zuciya ɗaya. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Aka juyo gare ni, na ce ni ba ni da ja.

Sai Fatihu ya ɗago kai. Ya ce, "Alhaji, na gode, Allah Ya saka da alheri. Amma Baba ya ce wasa uku. Yana da rai na yi fushi na tafi, ban dawo na roƙe shi gafara ba. Yanzu kuma a ce sai da ya kwanta dama sannan na shiga fili? Ku bar ni in cika masa, shi ne kawai abin da ya rage da zan iya yi masa."

Mahaifinsa, wanda yake cikin masu yi maka faɗa a zaure, ya sa gefen rawani ya rufe fuskarsa.

An yi wasan ƙarshe ranar Asabar da ta wuce. Wani alƙali ne ya hura, ni ɗan kallo ne kawai. Fatihu ya tsaya a bayan igiya cikin doguwar riga, tare da jama'a. Yaranka sun sha wuya, Malam, don kusan duk wasan a gidansu aka yi shi. Ana dab da tashi Sabiru, wanda aka sa a gurbin Fatihu, yaron da ni kaina ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, ya sa wa ƙwallo kai ta faɗa raga. Da wannan ci ɗaya suka ɗauki kofin. Ba a yi kiɗa ba, ba a yi zagayen gari da babura ba. Ƙofar gidanka suka nufa, Khaulat ta karɓi kofin ta shigar wa Inna Jumma, wadda ke cikin takaba. Muna tsaye a waje muka jiyo kukanta.

A nan na matsa kusa da Fatihu na riƙe hannunsa, na ce masa barka da nasara. Na so in ƙara da cewa ya yi abin da ya dace, amma bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce, "Malam, ai ban gama ba. Saura biyu."

Allah Ya jiƙanka, Malam Zailani. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Jumma, da Khaulat da ƙannenta, da dangi na kusa da na nesa, da jama'ar Ɗinyar Malamai baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari. Fatihu kuma, Allah Ya sanyaya masa zuciya, Ya sanar da shi cewa Baba bai tafi da fushinsa ba, don ni shaida ne. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.