Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Duk mai son sanin darajar ɗan Adam a doron ƙasa, ba sai ya wahalar da kansa da littattafan masu hikima ba. Ya je tashar motar Tsafe a Gusau da safe, ya ga inda ake zaunar da kowa. Na yi shekaru ina bin hanyar nan zuwa makarantar 'yan mata da nake koyar da ilimin halittu, kuma matsayina bai taɓa wuce kujerar baya ba, mu huɗu, kafaɗa bisa kafaɗa. Sai wata safiya direba ya dubi yadda hijabina ya taso, ya ce wa wani dattijo ya koma baya, a bar wa mai juna biyu gaba. Na shiga na zauna, na bar shi da zatonsa.

Alhali na san abin da nake ɗauke da shi. Wata likita a Gusau ta riga ta yi mini hoton ciki, ta nuna mini ƙari ne ya tsiro a mahaifa. Shi ne yake sa jinin al'ada ya zo mini kamar an ɓalle famfo, har ramuwar azumi ta taru mini. Ta ce ba ciwon daji ba ne. Akwai maganin da zai rage jinin, amma ba zai kawar da ƙarin ba. Ana iya yin aiki a cire shi a bar mahaifa, ana kuma iya cire mahaifar ɗungurungum. Tunda ban taɓa haihuwa ba kuma ina so, ta ce na tsakiyan ne nawa, kada dai in ja lokaci. Maigidana, wanda bai taɓa goranta mini rashin haihuwa ba, ya ce jikina ne, in zaɓa, shi nasa rakiya da addu'a.

Da zancen wuƙa a raina na tafi Bungudu wurin Inna, mahaifiyata. Ta saurare ni tana tsince wake, sannan ta dubi cikina ta gefen ido.

"Wace wuƙa kuma? Ciki ne ya kwanta. Na goggonki ma sai da ya yi shekaru kwance, ga shi can yau yana tuƙa babbar mota."

Na gyara murya irin ta aji, na yi mata bayanin wata tara. Ta ce, "To Malama, a allonku aka halicce ki?"

Na yi dariya. Amma na dawo Gusau da jarkar jiƙon sassaƙe daga wata tsohuwa ta Kwatarkwashi, wai maganin tayar da ciki ne, kuma na sha. Ba zan ce na yarda ba. Kawai dai bayanin likita yana ƙarewa a kan gadon asibiti, na Inna kuwa yana ƙarewa da taron suna.

Alkunya ta yi sauran aikin. Cikin fari ba a tambayarsa, don haka ba wanda ya tilasta ni yin ƙarya. Maƙwabtana a unguwar Damba suka hana ni ɗaukar bokiti. In an ce Allah ya raba lafiya, sai in ce amin da zuciya ɗaya. Inna ta sayi ɗan rago ta ɗaure, ba ta ce na mene ne ba. Ni kuwa a makaranta ina zana mahaifa a allo da alli mai launi, duk yarinyar da ta rubuta cewa ciki yana wuce wata tara in ja mata jan biro.

Cikin yana ta girma, bai taɓa motsi ba. Ranar da jiri ya kayar da ni a gaban aji, sai da aka yi mini ƙarin jini. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ƙarin da ke mahaifar ya zama da yawa, ya cinye wuri, dole a yi aiki, amma za ta yi iyakar ƙoƙarinta. Da na farfaɗo daga aikin, ta zauna a bakin gadon.

"Malama, jinin ya ƙi tsayawa. Sai muka zaɓi ranki."

Daga baya na tambaye ta, da na zo tun farko fa? Ta ce haihuwa ba za ta rantse mini a kanta ba, ta Allah ce, amma ga dukkan alamu da mahaifar tana nan. Amsar nan nake juyawa har yau.

Inna ta zo ta yi jinyata, ba ta sake ambaton goggo ba. Ragon aka yi layya da shi, ta aiko mini da cinya. Lafiya kam na samu: salla ba ta yanke mini, azumi ina kai shi cif.

Da na koma aiki, direban nan ya gane ni. Ya yi mini barka, ya tambayi jariri, sannan ya buɗe mini ƙofar baya. Mu huɗu ne.