Kaset ɗin da ya dawo mana da rabin yayana

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Hausawa ta Anacha, yayana ya faɗo daga saman tirelar shanu. Sana'arsa ke nan tun da ya bar makaranta, a kawo shanu daga Arewa, shi da yaransa su sauke, ya raba wa mahauta. Ranar an kwana ana ruwa, ƙarfen motar ya yi santsi, wani bijimi ya yi tutsu, sai ga shi a ƙasa, ƙeyarsa ce ta fara taɓa siminti.

An kai shi wani asibiti a Inugu, ya daɗe bai farfaɗo ba. Da aka sallamo shi muka yi ta murna, ashe murnar ta yi wuri. Yana tafiya da ƙafarsa, in an ba shi abinci ya ci, in an zaunar da shi ya zauna har sai an tashe shi. Amma ba ya magana, kuma bai san kowa ba. Bai san matarsa ba, bai san 'yarsu da ta fara zuwa makaranta ba, bai san ni ba. Innarmu, wadda tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai na ji ta tana kiran sunan a kunnensa, tana maimaitawa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Likita ya ce mu riƙa nuna masa abubuwan da ya sani a da. Mun nuna masa hotunan bikinsa. Mun ɗauke shi a okada mun kai shi kara, kasuwar shanu, abokan sana'arsa suka kewaye shi suna kiran laƙabinsa, wasu na share hawaye da hula. Ya dube su kamar yadda ya dubi shanun. An yi rubutu, an yi tofi, an yi sadaka. Shiru.

Wata rana da hantsi Inna ta buɗe tsohuwar adakarta tana neman wani zane, ta zazzage kayan a tabarma kusa da shi. A cikin tarkacen har da wani baƙin kaset na gem, takardar jikinsa ta koɗe. Na gane shi nan take. Muna yara mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya sayo mana wata na'urar gem ta gwanjo a Babbar Kasuwa, da kaset guda ɗaya tak. Na'urar ta mutu tun da daɗewa an zubar, kaset ɗin ne ban san Inna ta ajiye ba.

Yayana ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya juya bakin kaset ɗin sama, ya kai bakinsa, ya hura masa iska sau biyu, yadda muke yi in ya ƙi kamawa.

Tun da ya dawo daga asibiti wannan ne abu na farko da ya yi ba tare da an sa shi ba. Inna ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Auta, ina ake samun injin abin nan?"

Washegari na shiga Babbar Kasuwa, layin masu tsofaffin kayan lantarki. Na sha dariya ranar. Ƙato da ni, da gemu, ina yawo da kaset ɗin yara a aljihu kamar laya. Wani ya ce in kai gidan tarihi. A ƙarshe aka nuna mini wani ɗan ƙaramin shago a lungu, na wani Ibo mai furfura wanda ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausarsa tsaf. Ya juya kaset ɗin a hannunsa ya ce, "Malam, uwar wannan ta ƙare a kasuwar nan. Ko ka samu, matacciya za ka samu. Amma akwai ƙanwarta, wadda aka yi bayanta."

Ya jawo wata baƙar na'ura daga ƙarƙashin tebur ya kaɗe mata ƙura. Na gwada soka kaset ɗin, bakin ya ƙi. Ya ce in dakata. Ya tono wani ɗan akwatin roba mai baki sama da ƙasa, ya ce sunansa adafta. Ita ake fara sokawa a bakin na'urar, sannan a soka tsohon kaset a kanta, sai sabuwar ta karanta shi kamar nata. Ya goge haƙoran kaset ɗin da auduga da sifirit, ya haɗa wayoyi a wani talabijin mai doro, ya kunna. Allon ya yi baƙi. Ya zare, ya hura, ya mayar, ya ɗan karkata adaftar gefe ya cusa mata takarda. Sai ga kiɗan nan.

Ban san ina riƙe da kiɗan a kaina ba sai da na ji shi. Na juya baya na yi kamar ina duba wani rediyo.

Mai shagon ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka. Wannan adaftar ba ta asali ba ce. Tsohuwar na'urarku maɓallin tsayar da wasa a jikinta yake, ba a hannun gem da ake riƙewa ba. Adaftar asali an yi mata maɓallin, wannan babu. In an fara sai a ci ko a mutu." Na ce ba komai. Da na gaya masa dalilin sayen, ya ƙara mini hannun gem guda kyauta, ya ce Allah Ya ba shi lafiya.

Na aro talabijin a wurin maƙwabcinmu, wani mutumin Kafanchan da ke aikin gadi, na haɗa a ɗakin Inna. Matar yayana ta tsaya a bakin ƙofa, 'yarta na riƙe da zanenta. Na sa masa hannun gem ɗin a tafinsa, na kunna.

Gem ɗin ba wani abu ba ne, wani ɗan mutum ne yake gudu yana tsallake ramuka da ruwa. Ni tun muna yara ban taɓa wuce rami na biyu ba, aikina riƙe waya in hoto ya fara rawa. Yayana kuwa, yatsunsa suka fara aiki kafin fuskarsa ta canza. Ya tsallake ramin farko. Ya tsallake na biyu. Ya tsaya a wani wuri da babu komai ya yi tsalle, sai ga wata ɓoyayyiyar ƙofa da ni ma na manta da ita. Mutumin da ba ya iya sa hularsa, ya ci matakin farko ba tare da ya mutu ba.

Inna tana ta "Alhamdu lillahi" a hankali, kamar kar ta firgita shi.

Ana cikin haka aka kira sallar la'asar. Sai ya sunkuya da sauri, ya kai hannu kan na'urar yana lalube, gefen dama, inda maɓallin yake a tsohuwar. Ya laluba, ya laluba, babu. Ɗan mutumin nan ya faɗa ruwa. Ya juyo, muryarsa a dashe saboda daɗewa ba ta fito ba, ya ce, "Auta, tsayar da shi mana. Baba zai yi faɗa."

Inna ta saki kuka. Ni kuma na zauna a ƙasa. Matarsa ta shigo da gudu ta durƙusa a gabansa, ta kama gwiwarsa tana cewa, "Ka gane ni? Dube ni, ka gane ni?" Ya dube ta cikin ladabi, ya ɗan janye ƙafarsa, ya ce, "Ina wuni." Sannan ya waiwaya wurin Inna ya ce, "Inna, kin yi baƙuwa."

Haka abin ya zauna. In gem na kunne, yana magana, yana dariya, yana zagina da rashin iya wasa. Amma yaro ne ɗan firamare yake maganar. Ya san Inna. Ya san ni, ko da yake wani lokaci yakan ƙura wa gemuna ido kamar yana son ya tambaya. Duk abin da ya faru bayan wancan zamanin babu shi, ba kara, ba aure, ba haihuwa. In an ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto ya fara dushewa, zuwa jimawa kaɗan ya koma shirunsa.

Kuma kullum sai ya tambayi Baba. Baba ya dawo daga kasuwa? Baba ya ce zai sayo mana wani kaset? Mahaifinmu kuwa ya rasu tun kafin a yi wa yayana aure, yayan nawa ne ma ya shiga kabari ya karɓe shi.

Inna takan ce, "Bai dawo ba tukuna." Ta faɗa ta kau da kai. Matar yayana ba ta so haka ba. Ta ce mini a zaure, "Kuna ƙara tura shi baya ne. In ba a gaya masa gaskiya ba, yaushe zai taho inda muke?" Na ga maganarta da hujja, ban hana ta ba. Rannan da ya tambaya, ta matso ta ce, "Baba ya rasu, shekaru da yawa. Kai ne babba yanzu. Ni matarka ce, wannan 'yarka ce."

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Babban mutum yana birgima a tabarma yana kiran Baba, yana tambayar wa zai kai su Idi. Maƙwabta suka shigo suna zaton rasuwa aka yi. Sai bayan magariba ya yi shiru. Washegari na kunna masa gem, ya ci matakin farko, ya waiwayo da fara'arsa ya ce, "Inna, Baba ya dawo?"

Daga ranar ba wanda ya ƙara gaya masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da yarinyar ta matso ta zauna kusa da shi. Ya ga tana kallo, ya miƙa mata hannun gem ɗin, ya nuna mata inda ake dannawa. Ta yi ta murna, babanta ya kula ta. Da ta faɗa rami ya yi dariya ya shafa kanta ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Ta ajiye hannun a hankali ta fita. Uwarta na tsakar gida tana wanke masa kaya, ta ji komai, ba ta ɗago ba.

Dangin matar sun zo daga Fatakwal har sau biyu, suna cewa ta taho gida ta huta, ai har yanzu da ƙuruciyarta. Ta ce ba inda za ta. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi magani, shi kuma yana gaishe ta kullum kamar ƙawar Inna. Ta taɓa roƙona in kwashe na'urar na ɗan lokaci, ko ƙwaƙwalwarsa za ta nemi wata hanya. Na kwashe. Ya koma gunki, ba magana, har abinci ya rage ci. Ita da kanta ta ce, "Mayar masa. Gara in ji muryarsa ko ba da ni yake ba."

Adaftar ba ta da ƙarko. Haƙoranta suka fara sakewa, sai an danne ta da dutsen guga kafin hoto ya tsaya. Daga baya ta daina gaba ɗaya. Na koma lungun nan, mai shagon ya ce ita ce ta ƙarshe a wurinsa, amma ya kwatanta mini wani a Inugu. Na je, babu. Aka ce wani mai gyara a Fatakwal yana da ita, na aika, ya ce sai ya bincika. Muna cikin wannan jira ciwon farfaɗiyar da ya samu tun faɗuwarsa ya tsananta. Wata safiya ta damina ya tashi masa, kafin mu isa asibiti Allah Ya karɓi abinsa. Adaftar Fatakwal ta iso bayan sadakar bakwai, direban motar kifi ya kawo ta a leda.

Da matarsa ta fita takaba, na je yi mata sallama, za ta koma wurin iyayenta. Na ce mata ai mun gode Allah, ko ba komai ya ɗan dawo mana kafin ya tafi. Ta ci gaba da ɗaure bakin jaka. Can ta ce, "Ku ya dawo muku. Ni tun ranar da ya hau motar nan ban ƙara ganinsa ba." Ba da fushi ta faɗa ba. Ta yi mini godiya ma, ta ce in gaida Inna.

Yau in na ga samari a intanet suna nuna tsofaffin na'urorin gem, suna soka wannan kaset a waccan ta hanyar adafta, suna murna ya kama, nakan tsaya in kalla har ƙarshe. Na san wannan murnar, na yi ta a shagon mutumin nan. Mutane kan tambaye ni ko na yi nadamar sayo ta. Ban yi ba. Inna ta ƙara jin ɗanta ya kira ta, kuma ta mutu tana sa mini albarka a kan haka. Abin da na koya dai shi ne, a gida ɗaya, a kan mara lafiya ɗaya, sauƙin wani kan zama ciwon wani, kuma mai murna ba ya cika waiwayawa ya ga wa ke tsaye a bakin ƙofa.

Yarinyar ta girma, tana karatun jinya yanzu. Takan kira ni duk Juma'a mu gaisa. Sau ɗaya na tambaye ta abin da take tunawa game da babanta. Ta ce, "Kawu, mutumin kirki ne. Bai san ni ba, amma ya ba ni wasansa."

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku.